Sai da Muka Fita Daga Gidan Kafin Ya Sayu

Shekara 14 muka yi a gidan. A nan na haifi biyu daga cikin yarana uku, a nan muka ga daɗi muka ga wuya. Saboda haka da canjin wurin aiki ya kama maigidana har aka yanke shawarar sayarwa, ni a raina gani nake kafin mako ya zagayo masu saye za su yi layi a ƙofa. Ɗaki huɗu, falo biyu, ɗan fili a baya, ga unguwa shiru. Me kuma ake nema? Muka kira dillali, ya zo ya zagaya, ya ɗauki hotuna da wayarsa da yamma liƙis, muka faɗa masa kuɗin da muke so. Ya ɗan yi jim, sannan ya ce, "To Hajiya, Allah Ya kawo kasuwa." Ban lura da wannan jim ɗin ba sai daga baya.

A mako 6 mutum 9 suka zo. Duk salonsu ɗaya: su shigo da fara'a, su leƙa nan su leƙa can, su ce gida ya yi kyau, su ce za mu ji daga gare su. Shiru kamar an shuka dusa. Mutum ɗaya ne kawai ya taya, shi ma tayin da ya yi ko albarka maigidana bai iya ce masa ba, tashi ya yi ya bar falon.

Yayar maigidana ce ta fasa ƙwan. Ta zo mana kwana biyu, ina ta yi mata ƙorafin mutanen yanzu ba su san abu mai kyau ba, tana saurare. Da na gama ta ce, "Ƙanwata, in faɗa miki gaskiya ko in ƙyale ki?" Na ce Yaya faɗi. Ta ce, "Gidan nan yana da wari." Wallahi sai da na ji kamar ta watsa mini ruwan sanyi. Ni da nake shara da goge-goge kullum? Ta ce ba ƙazanta take nufi ba. Warin zama ne: hayaƙin girki da ya shige labule, tsohuwar darduma, takalman yara a bayan ƙofa, da wani ɗan warin laima da ke fitowa daga ɗakin baƙi. Ashe hanci yana sabawa da warin da yake shaƙa kullum har ya daina kai wa ƙwaƙwalwa labarinsa, shi ya sa mai gida ba ya jin warin gidansa, baƙo kuwa tun daga bakin ƙofa yake ji.

Ba ta tsaya nan ba. Ta ja hannuna muka fita har bakin titi, ta ce in juyo in shigo kamar ban taɓa ganin gidan ba, kamar ni ce zan zuba kuɗin da na tara shekara da shekaru a kansa. Na juyo. Fentin ƙofar waje ya ɓare, tsatsa ta ci gindinta. Lambar gidan ɗaya ta faɗi tun yaushe, ban ma iya tuna lokacin ba. Ga wata tsohuwar taya jingine da katanga, ga keken da babban ɗana ya daina hawa shekara 4 da suka wuce. Na tura ƙofar falo ta yi ƙara, hannunta yana rawa. Duk waɗannan na san da su, amma idona ya daina ganinsu kamar yadda hancina ya daina jin warin. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Gaskiya ne, sai dai idan ya daɗe yana tara kwano a wurin, mantawa yake cewa yoyo ne.

Washegari na kira dillalin da kaina, na ce, "Malam, don Allah ka bar jin nauyina, ka faɗa mini abin da mutanen nan suke cewa idan kun fita." Ya yi dariya ya ce da ma jira yake a tambaye shi. Ya ce uku sun ce ɗakunan ƙanana ne, biyu sun ce gidan da duhu, ɗaya ta ce za a sha aiki. Na ce ƙanana? Ɗakunan da magini ya auna mita 4 da mita 4? Ya ce, "Hajiya, ba wanda ya zo da abin awo. Da ido suke aunawa, idon kuma kaya yake gani, ba ƙasa ba."

Shawararsa ta farko ta ba ni mamaki: a janye gidan daga kasuwa gaba ɗaya. Ya ce kaya idan ya daɗe a kasuwa, mutane sukan daina tambayar nawa ne su koma tambayar me ke damunsa, kuma makonnin farko su ne lokacin da masu saye na gaske suke ɗokin gani. Mun riga mun ɓarar da su da hotuna masu duhu. Gara a ɓace na ɗan lokaci a dawo da sabuwar fuska. Ya kuma taɓo maganar kuɗi, a hankali, kamar mai taka ƙaya. Mu mun gina farashinmu ne a kan abin da maƙwabta suke nema a gidajensu. Shi kuwa ya kawo mana gidaje uku masu kama da namu da aka riga aka sayar a watannin baya, da abin da aka biya a zahiri. Abin da mai kaya ya nema daban, abin da aka ƙirga masa daban. Maigidana bai ji daɗi ba, amma ya sauko kaɗan.

Aikin farko, kuma mafi ciwo, shi ne fitar da kaya. Muka samo kwalaye, muka raba komai kashi uku: wanda za mu tafi da shi, wanda za a bayar, da wanda ko kyauta ba wanda zai karɓa. Ban san muna da shirgi haka ba. Wayoyin caji da ba a san na wace waya ba ne, rediyo biyu matattu, littattafan makarantar yara tun na aji ɗaya, robobin da murafensu suka ɓata, murafen da robobinsu suka ɓata. A babban falo kujeru saiti biyu ne, ga teburan gefe 5, ga kabad ɗin gilashi cike da kayan ado. Muka bar saiti ɗaya da tebur ɗaya, muka janye kujerun daga bakin taga, muka tabbata mutum zai iya ratsawa daga ƙofa zuwa ƙofa ba tare da ya kauce wa komai ba. Ranar da aka kwashe sauran na tsaya a tsakiyar falon ina kallo. Ashe haka yake da faɗi? Shekara 14 ina zaune a ɗan lungun da kaya suka rage mini.

Na so in yi wayo in cusa tarkacen a cikin durowa da kabad in rufe. Dillalin ya ce kul. Mai saye, musamman mace, sai ta buɗe kowace ƙofa da ta ga tana buɗuwa, kuma idan kaya suka zubo mata, abin da zai zauna a ranta shi ne gidan ba shi da wurin ajiya. Ya ce a rage kowace ma'ajiya ta koma kamar rabi. Dole muka roƙi wani ɗan'uwa ya ara mana ɗaki, muka kai kwali 37 can.

Inda muka yi rigima da maigidana shi ne hotuna. Bangon falo cike yake da su: na aure, na yara, na kammala karatu, da takardun yabo na wurin aikinsa a cikin gilashi. Ya ce waɗannan ai su ke nuna gidan mutanen kirki ne. Ni ma da farko haka na gani. Amma na tuna wata mata da ta zo kallon gidan, ta ɓata kusan duk lokacinta a gaban bangon nan tana tambayar wannan wane ne, wancan a ina aka ɗauka. Ta fita ta san tarihinmu, ba ta san tagogi nawa ne a falon ba. Mai saye yana bukatar ya hango kansa a ciki, ya ce nan zan sa gadona, nan yarana za su yi karatu. Ba zai iya ba muddin fuskokinmu suna kallonsa ta ko'ina suna tuna masa cewa shi baƙo ne. Na sauke su da hannuna, ɗaya bayan ɗaya, na naɗe a tsofaffin zannuwa. Auta ta tsaya tana kallona ta ce, "Umma, mun tashi ne?" Na ce tukuna. Amma a gaskiya ranar muka tashi, jikinmu ne kawai ya rage.

Daga nan sai gyare-gyare. Na ɗauki takarda na bi ɗaki ɗaki ina rubutawa, na sami abu 23. Yawancinsu ƙanana: famfon da ke ɗiga, ƙofar da ke ƙara, makunnin fitila da ya tsage, tayil biyu da suka fashe a banɗaki, marfin kabad da ya karkace, ramukan ƙusa. Kafinta da mai gyaran famfo suka gama da su a kwana uku, kuma kuɗin bai taka kara ya karya ba. Abin haushi, shekaru muna zaune da su. Mai saye kuwa ba ya kallon famfo mai ɗiga a matsayin famfo ɗaya. Lissafi yake: idan wannan da ake gani an bar shi haka, ina ga wayoyin da ke cikin bango da rufin da ban hau ba? Sai ya zabge daga tayinsa ninkin-ba-ninkin abin da gyaran zai ci.

Babban abin shi ne bangon ɗakin baƙi. Daga ƙasa zuwa kamar gwiwar mutum fentin ya kumbura, yana fitar da wani farin gari kamar gishiri, a kusurwa kuma ga baƙin fumfuna. Da can kabad ne ya rufe wurin. Maigidana ya ce wa mai fenti ya kankare ya shafe kawai, lokaci yana tafiya. Mutumin dattijo ne, ya shafa bangon da tafin hannunsa ya ce, "Alhaji, zan iya shafewa yau, ya yi kyau kamar ba a taɓa yi ba. Amma ruwan yana ciki. Wata ɗaya ko biyu zai tofo fentin waje, in an ci sa'a bayan ka karɓi kuɗinka, in ba a ci ba a gaban mai saye." Ya bayyana mana cewa farin garin gishirin da ke cikin bulo da siminti ne, ruwa ke narkar da shi ya fito da shi, idan ruwan ya bushe sai ya bar shi a fuskar bango. Muddin ana ganinsa, akwai inda ruwa ke shigowa.

Daren nan ban yi barci sosai ba. Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta raya mini a shafe ɗin, a mayar da kabad wurinsa, wa zai sani? Amma akwai bambanci tsakanin yi wa kaya kwalliya da ɓoye aibinsa, kuma kowa ya san inda iyakar take ko da bai faɗa ba. Na tuna yadda za mu ji idan gidan da za mu saya a can aka yi mana haka. Da safe na ce masa, "Abban yara, a fasa bangon nan." Aka fasa. Bututun da ke kai ruwa banɗakin da ke bayan ɗakin ne ya tsage a mahaɗa, yana tsiyaya a hankali, Allah kaɗai Ya san tun yaushe. Aka canja shi, aka bar wurin a buɗe da tagogi a wangale da fanka tana kaɗawa, aka yi sabon shafe, aka sake jira. Dattijon ya ƙi taɓa wurin da fenti sai da ya bushe ƙarau. Wannan bango kaɗai ya ci mana mako 3. Warin laimar da Yaya ta ji kuwa ya tafi tare da shi.

A kicin ne na so in wuce gona da iri. Da na ga gyara yana tafiya sai na ce a ɓalle kabad ɗin duka a sa na zamani. Dillalin ya ce, "Hajiya, ki riƙe kuɗinki." A ganinsa babban gyara dab da sayarwa ba kasafai yake mayar da abin da aka kashe ba, kuma launin da ya burge ni wata za ta zo ta ce sai an cire. Abin da aka yi kawai: aka wanke maiƙon da ya daskare a bango da saman kabad, aka canja hannuwan ƙofofin, aka goge tsakanin tayil da buroshi har farinsa ya dawo, na kwashe komai daga kan kanta na bar abu biyu. Wanda bai sani ba sai ya rantse sabon kicin ne.

Fenti kuwa mun yi wa gidan duka. Ɗakin 'yan mata shunayya ne, na yaron shuɗi mai duhu, falo kuma wani kore da na zaɓa da kaina ina alfahari da shi. Duk aka mayar da su launi ɗaya, fari mai ɗan sirkin ruwan madara. Launi mai haske yana mayar da hasken da ya faɗa masa, mai duhu kuwa shanye shi yake, shi ya sa ɗakin yaron yake kamar kogo ko da rana tsaka. Dattijon ya fara shafa ɗan wuri ya ce mu duba shi da safe, da rana, da dare, don fenti yana canja fuska da canjin haske. A ɗakunan masu duhu sai da ya yi shafen share fage kafin ya bi da fenti sau biyu. Na yi kewar korena, ba ƙarya. Amma ba ni zan zauna ba.

Maganar duhu ta sa na koyi abin da ban taɓa kula da shi ba. A jikin kwalin ƙwan fitila akwai lamba da harafin K a ƙarshenta. Mai 2700K haskensa ja-ja ne mai taushi, mai 6500K fari ne fat har da sirkin shuɗi. Mu kuwa duk wanda ya mutu sai a sayo wanda aka samu, har ya zama a falo ɗaya akwai kala uku, bango ya yi dabbare-dabbare. Muka canja su duka: 3000K a falo da ɗakunan kwana, 4000K a kicin da banɗaki. Na cire labule masu nauyi na bar shara-shara, aka wanke gilasan tagogi ciki da waje, aka rage rassan bishiyar da ke tare tagar falo. A siririn lungun da ke kaiwa ɗakuna na rataye madubi yana fuskantar taga. Wari kuma ban bi shi da feshin turare ba, don turare mai ƙarfi a gidan sayarwa sa mutum yake ya fara tunanin me ake rufewa. Wanki aka yi, aka fitar da tsohuwar dardumar, aka bar iska ta yi aikinta.

Waje bai ɗauki lokaci ba. Aka kankare tsatsar ƙofa aka yi mata fenti, aka sa sabuwar lamba, aka nome ciyawa, taya da keke suka kama gabansu, na ajiye tukwanen fure biyu a bakin shiga.

Wata ƙawata da na ba labari ta ce ai a Amurka wannan sana'a ce mai zaman kanta tun shekarun 1970, akwai masu zuwa su kwashe kayan mai gida su kawo nasu na haya su jera, don kawai a ɗauki hoto a nuna wa masu saye. Na yi dariya na ce mu dai Yaya ce ƙwararriyarmu, kuma ko sisi ba ta karɓa ba.

Bayan mako 5 aka sake ɗaukar hotuna, wannan karon da hantsi, labule a buɗe, fitilu a kunne. Mai hoton yana tsayawa a kusurwa ko bakin ƙofa, kyamara daidai ƙirjinsa, yana kula kada bangaye su karkace. Na roƙe shi abu ɗaya: kada ya yi amfani da gilashin nan mai buɗa ɗaki ya zama kamar filin ƙwallo. Wanda hoto ya yaudara, da ya shigo gwiwarsa za ta yi sanyi, kuma da wuya ta sake ɗumi. Hoton farko da aka sa shi ne na falo, rana ta shigo ta kwanta a ƙasa. Na daɗe ina kallonsa a waya, har na ji ina ƙyashin wanda zai saya.

Zaman makonnin da suka biyo baya ba daɗi. Mun koma baƙi a gidanmu. Kowa ya tashi ya gyara gado, ba a barin ko kofi a wurin wanke-wanke, tawul ɗin nuni daban na amfani daban. Na tanadi wani babban kwando, da dillali ya kira ya ce suna hanya, sai in bi gida in tsince duk abin da ke yawo in jefa a ciki in kai mota. Shi kuma ya kafa mana doka: idan masu saye sun zo mu fita. Dalilinsa, mutum ba ya sakin jiki ya buɗe kabad ko ya faɗi abin da ke ransa mai gida yana tsaye a kansa. Akwai dalili na biyu da bai faɗa ba sai da na matsa: a zagayen farko maigidana yakan bi mutane yana ba su tarihin kowane bulo, har ya faɗa wa wani cewa sauri muke saboda canjin aiki. Wanda ya ji kana sauri kuwa ai ya sami wuƙar yanka farashi.

A kwana 12 mutum 8 suka zo, uku suka dawo karo na biyu, biyu suka taya. Da kowannensu ya ji akwai wani, sai magana ta canja, mu da muke roƙon a taya muka koma masu cewa albarka. Wanda ya saya daga ƙarshe mutum ne mai bin ƙwaƙƙwafi. Ya zo da wani masanin gini, suka kunna kowane famfo, suka hau rufi, suka bi bango suna ƙwanƙwasawa. A ɗakin baƙi masanin ya tsaya ya ce nan an yi sabon shafe. A wannan zuwan muna nan, don sun nemi ganinmu. Na shiga na ɗauko jakar da na tara takardu: rasiɗin mai gyaran famfo, hoton bangon a fashe, hoton tsagaggen bututun, hoton sabon da aka sa, da ranakun da aka yi kowanne. Mutumin ya duba su ɗaya bayan ɗaya bai ce komai ba. Can ya ɗago ya ce, "Hajiya, akwai wani wurin kuma da ya kamata in sani?" Na ce tagar ɗakin sama tana cijewa idan an yi ruwa, ba mu samu mun gyara ba. Ya rubuta a takardarsa. Da yamma dillali ya kira ya ce mutumin ya tsaya a kan tayinsa, bai rage komai ba, kuma yana so a sa hannu cikin makon.

Abin da aka sallama ya haura tayin farko nesa ba kusa ba, ko bayan an cire kuɗin gyara da la'adar dillali. Ranar miƙa makullai na haɗa masa da jakar takardun, da ragowar fenti gwangwani biyu, na rubuta a jikin kowanne ɗakin da aka shafa da shi. Matarsa tana tsaye a falo tana auna bango da taku, tana ce wa mijin a nan za a rataye hotunan yara. Daidai inda na sauke namu.

Kwalaye 37 ɗin nan sun biyo mu sabon gida. Mun buɗe 26. Sauran 11 suna nan a jere a ɗakin ajiya da igiyarsu, wata na takwas ke nan, kuma har yau ba wanda ya nemi wani abu aka ce yana ciki.